Likitan da Ba Ya Riƙe Allura

Bahaushe ba ya son a ƙirga masa 'ya'ya. In baƙo ya tambayi magidanci yawan yaransa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kauda zancen. Wasu na ganin ƙirga tana jawo kambun baka, wasu kuwa tsoron haraji da jangali ne da suka gada tun zamanin Turawa. A irin wannan gida na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Garki, wadda a yau take cikin Jihar Jigawa. Amma kuma a wannan ƙasa tamu ce aka yi wata ƙirga da duniyar likitanci take amfana da ita har yanzu, kuma ɗaya daga cikin ma'aikatanta nake son in gabatar wa mai karatu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin wasu ma'aikata da suka riƙa zuwa ƙauyukan Garki suna huda yatsun mutane, suna shafa ɗigon jini a kan gilashi, suna rubutu a manyan takardu. Wannan shi ne Aikin Garki, binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tare da gwamnatin Nijeriya daga 1969 zuwa 1976. Da farko an ɗauki lokaci ana auna yadda cutar take, sa'an nan a damunar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin sauro a ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba ƙwayoyi ga kowa da kowa. Tambayar da mahaifina ya rasu da ita a bakinsa ita ce, "Ina suka kai takardun nan?"

Sai da neman ilimi ya kawo ni jami'a a nan Kudu na sami amsarta a ɗakin karatu. Takardun sun je hannun masana ƙididdigar lafiya, wato malaman lissafi waɗanda aikinsu shi ne su tace alƙaluman cuta da mutuwa har su fito da ma'ana. Daga cikinsu akwai Bajamushen nan Klaus Dietz, wanda a lokacin yake ma'aikacin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kafin shi, Ronald Ross da George Macdonald sun riga sun tsara lissafin yadda cutar ke ratsawa tsakanin sauro da mutum. Abin da Dietz da abokan aikinsa, Molineaux da Thomas, suka ƙara a binciken da suka buga a 1974 shi ne garkuwar jiki, wato yadda wanda ya sha cizo shekara da shekaru yake samun juriyar da jariri ba shi da ita. Ba su tsaya kan alli da allo ba, sai da suka gwada lissafin da alƙaluman Garki. Daga baya Dietz ya zama farfesa a Jami'ar Tubingen ta Jamus, inda ya ci gaba da nazarin wata tambaya mai sauƙin faɗa da wuyar amsawa: mutum nawa mai cuta guda yake harba a cikin jama'ar da ba ta da kariya? In adadin ya wuce ɗaya annoba za ta bazu, in ya gaza za ta mutu don kanta.

Abin da ya fi ƙara mini girmama wannan sana'a shi ne sakamakon Garki bai yi wa kowa daɗi ba. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, domin wani sauron ba ya kwana jikin bangon da aka fesa, kuma da aka janye magani sai ta dawo. Masu ƙididdiga ba su shafa wa gaskiyar nan zuma ba. Sun faɗe ta kamar yadda take, duniya ta gane cewa feshi da ƙwaya kaɗai ba za su kawar da cutar a irin ƙasarmu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina da ƙanwa da zazzaɓi ya ɗauke a wata damuna tana 'yar shekara uku, bayan an daɗe da tashin ma'aikatan. Babu littafin da aka rubuta haihuwarta, babu wanda aka rubuta rasuwarta. Mun yi haƙuri da hukuncin Allah, amma a wurin masu tsara lafiyar ƙasa kamar ba a taɓa yin ta ba, kuma ba a tanadar magani domin wanda ba a san da shi ba.

Saboda haka nake kira ga ɗalibai 'yan'uwana, musamman waɗanda Allah ya hore wa lissafi, kada su ɗauka sai mai farar riga ne ke hidimar majinyaci. Mu kuma ɗaliban harshe, nauyin da ke kanmu shi ne mu samar wa wannan fanni kalmomi, yadda ma'aikaci zai iya bayyana wa dattijo a ƙofar gidansa dalilin ƙirga masa iyali, kuma ya komo ya gaya masa abin da ƙirgar ta nuna.