Kujerar Aro: Abin da Na Gani a Samaru da Sabon Garin Zariya

Daga Maraɗi na taso, na bi ta Ɗan Isa da Jibiya na kwana a Katsina. Washegari motarmu ta ratsa Funtuwa da Giwa da Shika, muka shigo Samaru ana kiran sallar la'asar. Zumunci ne ya kawo ni wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara arba'in da ɗoriya yana sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari. Ban zo da niyyar bin diddigin siyasa ba, bangayen garin ne suka ja hankalina. Tun daga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello har Kwangila, duk katangar da ka duba fastoci ne wani kan wani. Ruwan damina ya ɓare na sama, sai ka ga rabin fuskar wani ɗan takara tana leƙowa daga ƙarƙashin hular wani.

Na tambayi mai Keken da ya ɗauko ni, na ce, "Malam, wane zaɓe aka yi, alhali babban zaɓe bai zo ba?" Ya ce, "Na cike gurbi ne, na Basawa. Wanda muka tura majalisa ya dawo ya zama ciyaman."

A nan na fara fahimtar tsarin. Ƙaramar hukumar Sabon Gari kujeru biyu take da su a cikin 34 na Majalisar Dokokin Jihar Kaduna: mazaɓar Sabon Gari, inda kasuwa da tashar jirgin ƙasa suke, da mazaɓar Basawa, wadda ta haɗa da Samaru da Bomo. Kujerar Basawa ta faɗi ne bayan Jamilu Abubakar Albani ya bar ta ya zama shugaban ƙaramar hukuma a zaɓen Oktoba 2024. Sai ranar 16 ga Agusta 2025 hukumar zaɓe ta cike gurbin, jam'iyyar APC kuma ta lashe. Ke nan mutanen Samaru sun yi wata da watanni babu mai magana da yawunsu a zauren majalisa.

Kawu kuwa, da na kawo masa zancen da safe a rumfarsa, sai ya ajiye mudun da ke hannunsa a kan buhun masara, ya gyara zama. Ya ce, "Ɗana, garin nan ba ya jin tsoron mai mulki, don ba wanda ya gaji sarautarsa." Gaskiyarsa. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan da layin dogo ya iso Zariya a 1911. Leburori da akawuna da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe, suka zauna a wajen ganuwar birni. Samaru kuma gonar gwajin noma ce ta fara raya ta, kafin a buɗe jami'a a 1962. Gari ne na baƙi da 'yan boko da masu neman na kansu, irin wurin da ra'ayin 'yan sawaba yake saurin kama ƙasa. A Sabon Garin nan Hajiya Gambo Sawaba ta zauna, jagorar matan NEPU, wadda ta sha ɗauri tana fafutukar haƙƙin talaka da 'yancin mata tun matan Arewa ba su da ƙuri'a. Ta rasu a 2001, amma dattawan kasuwa har yau suna ambatonta kamar jiya ta wuce ta gabansu.

Kawu ya ce shi bai san nauyin kujerar majalisar jiha ba sai a 1981. A zaɓen 1979 jama'a sun ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP gwamna, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. 'Yan majalisa suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga bisani suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. "Mun zaɓi kai, mun manta da wuya," in ji Kawu. "Tun ranar ban sake raina ƙaramar ƙuri'a ba."

Labarin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na kwanan nan. A 2015 ɗan majalisar Sabon Gari, Aminu Abdullahi Shagali na APC, ya zama kakakin majalisa, aka sake ba shi a 2019. A watan Fabrairu 2020 ya sauka, Yusuf Ibrahim Zailani daga Igabi ya hau, aka ɗauko ɗan majalisar Basawa, Mukhtar Isa Hazo, aka yi masa mataimakin kakaki. A watan Yuni na shekarar aka tsige Hazo. Cikin wata huɗu ƙaramar hukuma ɗaya ta rasa kakaki ta rasa mataimaki. A 2021 kuma majalisa ta ayyana kujerar Shagali a matsayin wadda ba kowa a kanta, bisa hujjar rashin halartar zama. Sashe na 109 na tsarin mulkin Najeriya ya tanadi haka ga wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ranakun zaman shekara ba tare da uzuri ba.

Aka sa zaɓen cike gurbi ranar 19 ga Yuni 2021. A lokacin APC ke riƙe da Abuja, ita ke riƙe da Kaduna ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i, kujerar ma tata ce. Da aka ƙirga, Usman Baba na PDP ya samu ƙuri'a 9,113, Musa Musa na APC ya samu 7,404. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa kusa da rumfar Kawu ta ce mini, "Yaro, ranar ban fito da kaya ba. Na ce yau ciniki na akwati ne." Na tambaye ta dalili, ta lissafa mini da yatsu: korar ma'aikata, ƙarin kuɗin makarantun jiha, tsadar abinci. Ba ta karanta jarida, amma ta san abin da ya taɓa tukunyarta. A 2023 guguwar ta kai kujerar tarayya: Sadiq Ango Abdullahi na PDP, wanda ya ci zaɓen fid da gwani yana hannun waɗanda suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari a Maris 2022, ya kayar da Garba Datti Muhammad da ya daɗe a kanta.

Ni da na fito daga Nijar, abin ya taɓa ni sosai. A wurinmu, ko lokacin da ake zaɓen 'yan majalisa, jerin sunayen jam'iyya muke jefa wa ƙuri'a a matakin jiha baki ɗaya, ana raba kujeru gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu. Da wuya mutumin unguwa ya nuna depite, wato ɗan majalisa, ɗaya ya ce wannan nawa ne. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa. A nan sai na tarar mai daddawa ta san sunan wakilinta, ta san layin gidansa, ta kuma san cewa kujerar aro aka ba shi, kuma ramin aro ƙurarre ne.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Da daddare na koma Samaru wurin wani ɗan'uwa da ke karatu, muka zauna teburin mai shayi kusa da kasuwa. Ɗalibai shida ne a kan bencin, suna ta muhawara kan shugaban ƙasa da farashin fetur, muryoyinsu har tsallaken titi. Na ce, "Samari, waye ɗan majalisarku na jiha?" Aka yi tsit. Mai shayin ne ya ba ni amsa yana fifita wuta da kwali. Ɗaya daga cikinsu ya ce katinsa na garinsu ne, wani ya ce ranar zaɓen wanki ya yi. Na tuna alƙaluman 2021: manyan 'yan takara biyu gaba ɗaya ƙuri'a 16,517 suka haɗa, tazarar da ke tsakaninsu 1,709. A mazaɓa mai cunkoso irin Sabon Gari, mutanen layi kaɗan sun isa su juya sakamako. Majalisar nan kuwa ita ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokar harajin da ɗan kasuwa yake biya. Kwatar da ke ambaliya a Hayin Dogo da ajin firamare mai yara fiye da kima sun fi kusa da teburinta fiye da fadar Abuja.

Ranar da zan koma, Kawu ya rako ni tasha da ƙullin garin masara na kai wa mahaifiyata. Kafin ya biya mai ɗaukar kaya sai na ga ya zaro katin zaɓensa daga aljihun gaba, naɗe a leda tare da kuɗin ciniki. Gefensa duk ya goge don yawan riƙo.

Mutanen Samaru da Sabon Gari, kun gaji abin da Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa, mazaɓar Sabon Gari kuma ta nuna a 2021 cewa kun iya karɓe aronku. Mu da muka rasa akwati mun san darajarsa. Ranar da aka ce zaɓen ɗan majalisar jiha ne, ko na cike gurbi ne, ku rufe rumfa ku fita.