Ashe Ba Sabo Ba Ne

Tun ina ɗan shekara tara nake kiwon tantabara a saman soron gidanmu da ke gindin Dala. Na san mai shirin ƙwai, na san mai kwanci, na san wadda za ta gudu gidan maƙwabta tun ita kanta ba ta yanke shawara ba. Shekara talatin da ɗoriya ina wannan harka, har yaran unguwa in tantabararsu ta ƙi cin dawa ni suke kawo wa. Ɗan sunan nan da na yi shi ya kai ni ya baro ni, don a raina na riga na ɗauka duk mai fiffike ɗalibina ne.

Sana'ata sayar da yadi, sarin kaya kuma yakan kai ni Dubai. A can na fara ganin Balarabe zaune a shago yana kurɓar gahawa, shaho na tsaye a hannunsa da 'yar hular fata a ka, ko motsi ba ya yi, sai ka ce dogari a gaban sarki. Na yi ta tambaya. Na ji cewa a Abu Dhabi har asibiti aka buɗe wa shahuna tun 1999, ƙasar kuma tana yi wa shaho fasfon tafiya kamar ɗan Adam, sannan a 2010 UNESCO ta sa farauta da shaho cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Sai na tuna karatun Risala a zauren malaminmu, babin yanka da farauta, inda aka halatta abin da horarren kare ko horarren shaho ya kamo in kai ka sake shi. Muna yara da sauri muka wuce wurin, don a cikin birni karen farauta kaɗai muka sani. Yanzu ga abin ido da ido. Na ce littafi ya ambata, Larabawa suna yi, me zai hana Bakano? Kuma in faɗi gaskiya, ba naman daji nake kwaɗayi ba. So nake in fito ƙofar gida da shaho a hannu mutane su juyo.

Wata rana cikin hunturu, yaron da ke kawo mana kaji daga ƙauye ya shigo da kwali ɗaure da igiya. Ya ce tarkonsa ne ya kama, ya rasa yadda zai yi da shi. Na leƙa. Ƙaramin shaho ne, irin jajayen nan masu ɗigon baƙi a baya, waɗanda za ka gani wajen badala ko saman Goron Dutse sun tsaya cak a sama, sun fuskanci iska suna kaɗa fiffike, suna jiran ɓera ko ƙadangare ya yi sakaci. Ko nauyin tantabara bai kai ba. Ya kwanta rigingine ya miƙo mini faratai, baki a buɗe, idanu zagaye baƙi wuluk kamar an shafa musu mai. Ko ciniki ban yi ba.

Uwargida ta leƙa kwalin ta ja da baya. Ta ce, "Alhaji, mai tantabara ne zai ajiye shaho a gida? Ai wannan ajiyar kura ne a garken awaki." Na ce mata ba ta san zamani ba.

Washegari na shiga kasuwar Kurmi, wajen dukawa, na nuna wa wani baduku hoto a waya. Mutumin da ya gaji ɗinkin kube da laya tun kaka da kakanni ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, hular wa?" Na ce ta tsuntsu. Ya dube ni, ya dubi maƙwabcinsa, bai ce uffan ba, ya yanko jar fatar akuya. Kafin magariba ya gama hula har da ɗan tuntu a samanta, da zaren fata biyu na ƙafa, da safar hannu mai kauri. Aiki ba makusa. Cikin duk waɗanda suka sa hannu a lamarin nan, shi kaɗai ya san abin da yake yi.

Malamaina kuwa bidiyon YouTube ne, rabi Larabci rabi Turanci, ni kuma Larabcina na ciniki, Turancina na sakandare. Na dai tsinci abin da na tsinta. A ajiye shi a ɗaki mai ɗan duhu. A ɗora shi a hannu na sa'o'i, a yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa har ya rage tsoron mutum. Kada ya ci komai sai a kan safar hannu. Sai wanda na fi riƙewa: shaho ba ƙauna ke kawo shi wurin mutum ba, ciki ke kawo shi. A kusan kowane bidiyo akwai ɗan sikeli a gefe, kullum da safe a ɗora tsuntsun a rubuta lamba a littafi. Na gani sarai. Na ce wannan iyayin Turawa ne. Ni da nake ɗaga tantabara in faɗa maka ko ta ƙoshi, me zan yi da sikeli?

Kwana ukun farko yaƙi muka yi a ɗakin ajiya. Da na zare hular sai ya fizga, ya rataye kai ƙasa yana tsala ihu, tantabarun sama su watse gaba ɗaya. Ya huda mini tsintsiyar hannu daidai inda safar ta ƙare. Nama kuwa ko kallo. A dare na uku ya sunkuya ya yagi tsoka sau biyu a hannuna, na ji kamar an ba ni kujerar Makka kyauta.

A nan na yi lissafin da ya kashe shi. Na ce tunda yunwar kwana uku ta sa ya ci a hannu, ƙarin yunwa za ta sa ya zo hannu da ƙafarsa. Sai na riƙa ba shi tsoka kamar kan ɗan yatsa, sau ɗaya a yini. Jan naman sa zalla daga wajen mahauci, na cire kitse, na cire jijiya, har wankewa nake yi wai don tsafta. Tsuntsun da Allah Ya yi shi ya haɗiye ɓera da gashinsa da ƙashinsa da kayan cikinsa, washegari ya amayar da curin gashin, shi nake ciyarwa kamar mai hawan jini. Ga shi watan Janairu ne, sanyin asuba na kwararowa ta tagar da ba ta da ƙyaure. Ban sa sanyi cikin lissafi ba, alhali ni da kaina nake ƙara wa tantabaru tsaba duk hunturu.

Sai abu ya fara yin kyau. Rana ta shida ya daina fizga. Ta bakwai na zare hular ya zauna shiru. Ta takwas na shafa bayansa bai ko buɗe baki ba, ya kuma tako daga turke zuwa hannuna. Na ce lallai ni ɗan baiwa ne, abin da ke ba Larabawa wuya ga shi na gama cikin mako. Rana ta tara ya kumbura gashinsa kamar curin auduga, idanu sun lumshe rabi, yana gyangyaɗi a hannuna. Na kira uwargida na ce, "Zo ki ga kurar taki, har barci take yi a hannuna."

Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ni dai kamar ba shi da lafiya." Na ce baƙin ciki ne.

Da la'asar sakaliya na zuba babbar riga na nufi majalisarmu ta wajen mai shayi. Aka taso. Yara suka kewaye ni, wayoyi suka fito, wani abokina na ta kirari, wai sai Alhaji sarkin shaho. Don a ƙara gani, har hular na cire masa. Tsuntsun daji, kwanansa tara a hannun mutum, a tsakiyar ihun yara da ƙarar babura, bai ko ɗaga fiffike ba. Na ce, "Kun ga horo ko?"

A majalisar akwai wani tsoho da muke ce wa Baba, maharbi ne a ƙuruciyarsa, yanzu saiwoyi yake sayarwa. Bai motsa daga kan bencinsa ba sai da hayaniya ta lafa. Ya ce, "Ɗan nan, matso da shi." Bai kalli hula ba, bai kalli safa ba. Ya tura yatsa biyu cikin gashin ƙirjin ya yi shiru. Sannan ya kamo yatsana, yadda malamin allo ke kama na almajiri ya ɗora a kan baƙi, ya kai wurin.

Ƙashi na ji. Siriri, a tsaye, kamar bakin aska. Dama da hagunsa, inda ya kamata tsoka ta cika ta yi tudu, rami ne. Can ciki zuciya na bugawa da sauri-sauri. Yatsan nan nawa ya taɓa ƙirjin tantabara ya fi a ƙirga, shi ne abu na farko da nake yi in yaro ya kawo mini marar lafiya. Kwana tara ina shafa gashin nan daga sama, ban taɓa tura shi ciki ba.

Baba ya ce, "Yaushe rabonsa da ƙoshi?" Na shiga bayani, wai ai haka ake yi, wai a Dubai. Ina magana ina jin muryata na ƙanƙancewa. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce, "Bai saba da kai ba, ɗan nan. Ƙarfin gudu ne ba shi da shi."

An zage ni a kasuwa, na yi asarar kaya, amma ban taɓa jin babbar riga ta yi mini nauyi irin na yammacin nan ba. Ina tsaye kwanakin suka dawo mini ɗaya-ɗaya, kowanne ya juya bai. Ranar da ya daina fizga, fiffiken ne ya gaza. Ranar da ya bar ni na shafa shi, ƙarfin cizo ne ya ƙare. Takowar da ya yi zuwa hannuna, da na ɗauka amincewa ce, takowar wanda ya ga abinci ne bayan ya fid da rai. Na sake duban idon nan da na fara gani zagaye kamar tsakiya, ya koma tsukakke kamar ƙwallon dabino. Kuma abin da ya fi ci mini rai, duk na san waɗannan alamu. Tsuntsu ya kumbura gashi ya lumshe ido da rana tsaka, yaro ɗan shekara goma a unguwarmu zai ce maka ciwo ne. Da a hannun wani na hango shi, daga tsallaken titi zan faɗa. Amma kowace alama ta zo mini sanye da rigar abin da nake fata, ni kuma na yi mata maraba. Matata da ba ta taɓa riƙe tantabara ba ta gani, don ita ba ta jiran a yi mata kirari.

Muka kai shi wajen wani maƙwabci mai sayar da gwal, aka ɗora shi a kan sikelin da na raina. Irinsa lafiyayye yakan yi giram 200 ko kusa da haka. Nawa 130 da 'yan kai, har da zaren ƙafarsa. Shahon da na gani a hannun Balarabe yakan kai kilo guda, in ya rasa abincin yini ɗaya jikinsa zai ɗauka. Wannan kuwa tazarar da ke tsakanin yunwar da ke sa shi zuwa hannu da yunwar da ke kai shi ƙasa 'yan giram ne, ido da tafin hannu ba sa iya auna ta. Daga baya na ji cewa a Amurka ba a ba mutum izinin riƙe shaho sai ya ci jarrabawa, an zo an duba wurin ajiyarsa da kayan aikinsa, sikeli na ciki, sannan ko an ba shi sai ya yi aƙalla shekara 2 a ƙarƙashin wani gwani. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Badukun nan na Kurmi shekara nawa ya yi yana miƙa wa ubansa basilla kafin a yarda ya yanka fata?

Baba ya ce in yanka ɗan shila in ba shi hanta da zuciya da ɗuminsu, kaɗan-kaɗan, kada in cika masa, in kuma raba shi da sanyi. Na hau soro na ɗauko ɗan tantabarun da na fi ji da su, wanda aka taya sau biyu na hana. Na naɗe shahon da tsohon rawani kusa da kaskon wuta. Ya karɓi loma biyu, ta uku ta tsaya a bakinsa. Can cikin dare ya mayar da su yadda suka shiga. Uwargida ta zauna tare da ni tana gyara garwashi, ba ta ce "na faɗa maka" ba, da ma ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ana kiran assalatu a masallacin unguwa faratansa suka dunƙule.

Da safe na shiga gaida Hajiya, labari ya riga ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kai da kake karanta wa 'ya'yanka hadisin matar nan da kyanwa?" Ban manta shi ba: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Ni dai a zatona da mugaye ake, masu duka da jifa. Ban taɓa kawo wa raina ya shafi mutumin da ke zama kowane dare yana yi wa tsuntsu magana a hankali ba.

Baba ya ce irinsu baƙi ne, da kaka suke bayyana, kafin damina a neme su a rasa. Haka ne kuwa, da yawansu daga Turai suke ƙetarowa. A 2007 masu bincike sun tarar da wani makwanci kusa da Kaolack a Senegal inda 'yan'uwansu ƙanana sama da 28,000 ke kwana wuri guda. Nawa ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara da giram 200, ya zo ya ƙare tsakanin buhun dawa da tsohon keke a ɗakin ajiyata. Na tona rami a bayan gida na rufe shi. Hular tana nan rataye a ƙusa, hotunan kuma suna nan a wayoyin abokai, ina murmushi, shi idonsa a lumshe.

Da hunturu ya zagayo, yaron ya sake shigowa da kwali. Ya ce, "Alhaji, an sake samu." Na biya shi, na ce daga wannan kada ya ƙara kawo mini, ko da yake na san ba ni kaɗai ne mai babbar riga a birni ba. Na hau soro na kwance igiyar. Ina sa hannu ya dasa mini faratai a babban yatsa har jini ya gangaro, ya fizge, ya yi sama ya miƙe wajen Goron Dutse, tantabaruna suka watse ko'ina.

Na sauko ina yarfa hannu. Uwargida ta ɗauko auduga tana goge mini jinin, ta dubi zurfin ciwon, ta ce, "Wannan kam da lafiyarsa."