Allurar Duna a Watan Kulle

Litinin, 27 ga Afrilu, 2020

Yau azumi huɗu. Da dare muka kewaye rediyo muka saurari jawabin Shugaba Buhari. An kulle Kano ruf na mako biyu. Daga 4 ga Mayu kuma dokar hana fita za ta hau kan ƙasa baki ɗaya, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ba ƙetare iyakar jiha sai ga masu dakon abinci da kayan da ba a iya yi sai da su, kuma duk mai fita sai da takunkumi.

Uwargida ta shiga lissafin gero da sukari. Ni kuwa katin karenmu Duna na ɗauko daga cikin akwatin takardu. Rigakafin ciwon haukan kare da aka yi masa bara wa'adinsa zai cika a tsakiyar Mayu. Tunda aka rufe makarantu a watan Maris ba ni da aikin da ya wuce zaman gida, sai na ce bari in gama da wannan tun hanya ba ta ƙara tsukewa ba.

Laraba, 29 ga Afrilu

Na leƙa shagon likitan dabbobin da ke duba mana shi. Ƙofa a rufe, an manna takarda da lambar waya, an rubuta a kira kafin a zo. A Zuru ba mu san wannan ba. Da, mutum kan jawo akuyarsa ko karensa ya zauna a benci, in likita ya tafi ruga duba shanu a jira shi, a yi ta hira har ya dawo. Yau har bencin an shigar da shi ciki.

Asabar, 2 ga Mayu

Na same shi a waya bayan la'asar. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, tsari ya canja. Ba na tara mutane a shago. In dabba ba ta da lafiya, a fara yi mini bayani ta waya. In abin na gani da ido ne, sai in ba da lokaci, mutum ɗaya ya kawo ta, ba da rakiyar yara ba. Ka zo da takunkumi biyu, ɗaya naka, ɗaya na karen."

Na ce to, a ba ni lokacin. Ya yi 'yar dariya ya ce lokaci akwai, allurar ce babu. Ragowar da ke firjinsa ya zubar, don an yi kwanaki ba wuta, ga fetur ɗin janareta ya fi ƙarfin cinikin da yake yi yanzu. Rigakafin nan ba ya son zafi, sai an ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya sha zafi kamanninsa ba sa canjawa, amma amfaninsa ya tafi. A tsira wa kare, a sa hannu a kati, mai kare ya koma gida da kwanciyar hankalin banza. Mutumin da zai zubar da kayan kuɗinsa a wannan marra don kada ya cuci wani, ni dai ya ƙara girma a idona.

Litinin, 4 ga Mayu

Doka ta fara aiki. Sai yanzu na lura da yadda Zuru take zaune a lungun Jihar Kebbi. Ka bi ta kudu, kafin ka gyara zama ka shiga Rijau, Jihar Neja ke nan, daga can sai Kontagora. Ka bi ta Daki Takwas, ka faɗa Zamfara. Hanyar Mahuta zuwa Koko ce kaɗai za ta kai ka Birnin Kebbi ba ka taka ƙasar wani gwamna ba. Ita kuwa allurar kare, ko dai ta gida wadda ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, ko ta waje da ke zuwa ta hannun dillalan magani a manyan birane. Ko wacce ce, sai ta tsallake iyaka kafin ta iso mu.

A takarda magani yana cikin kayan da aka yarda su wuce. A kan titi kuwa kowane shinge da irin fahimtarsa, kuma ƙanƙarar da ke cikin kula ba ta jiran a gama gardama.

Laraba, 6 ga Mayu

Wani saƙo ya zagaye WhatsApp cewa karnuka da kyanwoyi na yaɗa korona. Da hantsi wani maƙwabci ya yi sallama, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya ce ko zan kai Duna gona har abin ya lafa. Na gaya masa iyakar abin da aka tabbatar. A ƙarshen Fabrairu an samu ƙwayar cutar jikin wani ƙaramin kare a Hong Kong, a watan Afrilu kuma jikin wata damisa a gidan namun daji na Bronx a Amurka. Duka biyun daga mutane suka ɗauka. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta ce babu shaidar cewa dabbobin gida ne ke baza ta cikin mutane. Ya gyaɗa kai, amma da zai fita sai da ya raɓa ta jikin bango.

Baba Saje, tsohon sojan da ke bayan gidanmu, yana jin mu ta katanga. Ya ce, "Malam, ƙyale shi. Ran da ɓarayin awaki suka shigo layin nan, wa ya tashe mu? Korona?"

Juma'a, 8 ga Mayu

Ana dab da shan ruwa wani baƙon kare ya shigo unguwa, jela a ƙasa, yawu na dalala, yana kai cizo ga duk abin da ya gifta, har turmi. Ya cafki ɗan maƙwabtanmu a sha-raɓa, yaron bai wuce shekara bakwai ba. Duna ya tsinke igiya ya afka masa, suka yi ta birgima a ƙura. Kafin a ce kwabo samari sun fito da sanduna sun gama da baƙon.

Wata tsohuwa ta ce a figo gashin karen a ƙona a shafa tokar a ciwon. Baba Saje ya daka tsawa, ya sa aka kawo buta da sabulun wanki. Na kira likita na sa wayar a amsa-kuwwa. Ya ce a yi ta wankewa da sabulu, ana kwarara ruwa, minti 15 cur ba tsayawa, kada a ɗaure ciwon, sannan a nufi asibiti. Minti 15 na da tsawo idan yaro na ihu, uwarsa na kuka, ga ladan ya kira magariba ba wanda ya kai dabino baki. Baba Saje ya riƙe ƙafar, idonsa na kan agogon hannunsa, bai saki ba sai da lokacin ya cika.

Likita ya yi takaicin kashe karen. Da an kama shi an tsare kwana 10, da an san gaskiya, don karen da ke yaɗa cutar a yawunsa ba ya wuce wannan wa'adin bai nuna alama ko ya mutu ba. Tunda an kashe, hanyar da ta rage ita ce a aika kansa cikin ƙanƙara zuwa Vom a gwada ƙwaƙwalwar. Wa zai kai kan kare Filato a wannan makon? Aka haƙa rami mai zurfi aka binne. Ya ce a ɗauka kawai mahaukaci ne.

Asabar, 9 ga Mayu

Jiya da dare an wanke wa yaron ciwo a asibiti an yi masa allurar tetanus, yau da safe aka samo ta cizon kare a wani kantin magani da tsada. Sai da aka yi karo-karo a layi. Za a yi masa yau, sai bayan kwana 3, da 7, da 14, da 28. Uban ya so ya tsaya a ta farko. Na zaunar da shi na ce, "Yaya, wannan ciwon in ya bayyana ba a tashi." Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Wata biyu ke nan ba abin da ake ji a rediyo sai korona, ana ƙirga masu ita jiha-jiha kowane dare. Ba na raina ta, labarin mace-macen Kano ya isa ya tsorata kowa. Amma cutar da ta shigo layinmu da ƙafa huɗu ta girmi kakanninmu, maganinta na nan an sani, kuma ba mai karanto adadinta a labarai.

Lahadi, 10 ga Mayu

Duna na da yaga a kunne da huda biyu a kafaɗa. Likita ya duba shi ta kiran bidiyo, ni riƙe da waya, babban ɗana riƙe da sarƙa. Sabis na yankewa, hoton na daskarewa daidai lokacin da na kai kan ciwon. A ƙarshe hotuna na tura masa. Ya sa na ɗaga leɓen karen ya ga launin dasashi, ya tambayi ci da sha da kashi, ya ce in sa safar hannu ko leda in wanke da ruwan gishiri in shafa aidin. Maganin sha kuma ɗan kabu-kabu ya kawo, an rubuta awon a jikin takarda.

Ya ce ko a Ingila hukumar likitocin dabbobi sai da ta sassauta doka a watan Maris, ta yarda a rubuta magani ba tare da an taɓa dabba ba. Bambancin kawai, su can suna da tarihin kowane kare a kwamfuta, shi kuwa nauyin Duna ma da ido ya kintata.

Hukuncinsa: tunda rigakafin bara bai ƙare ba akwai kyakkyawan fata, amma a ƙara masa wani da gaggawa, a kuma ɗaure shi kwana 45 ana lura. Ba yaro ya matsa kusa.

Talata, 12 ga Mayu

Allura ta iso, a gaban motar wani direban hatsi da ya dawo ta Kontagora, cikin kular da aka naɗe da buhu jiƙaƙƙe. Likita ya ce da ya buɗe akwai sauran ƙanƙara, don haka ya karɓa. Sai dai kwalbar ta karnuka goma ce, kuma in an huda ta so yake a ƙarar a ranar, tunda ba ya amince wa firji. "Malam, ka haɗo mini tara, in zo unguwarku in yi muku gaba ɗaya."

Na shiga gida-gida. Nan na gane yawan karnukan da ke kewaye da mu waɗanda allura ba ta taɓa shiga jikinsu ba. Mafarauta biyu, mai gadin wani gidan mai, gidan wani fasto, wata mai sayar da itace, da wani Bafulatani da ke zaune a bakin gari. Abin da ya faru ran Juma'a ya yi mini rabin aikin. Ɗaya daga cikin mafarautan ya tsaya kan cewa allura na kashe wa kare zuciya, ya daina bin sawu. Baba Saje ya ce masa karnukan soja duk ana yi musu, kuma bai taɓa ganin wanda ya manta aikinsa ba. Ya yarda zai kawo ɗaya cikin ukunsa, wai ya gwada tukuna.

Alhamis, 14 ga Mayu

Ƙarfe 6 na cika likita ya iso a babur, kula ɗaure a baya. Muka zaɓi gindin mangwaron da ke bayan makarantar firamare, tunda ba yara. Kowa an ba shi lokacinsa, tazarar kwata tsakanin mutum da mutum, ni ke riƙe da takardar sunaye ina kira a waya. Ya ja layi a ƙasa da tsinke, ya ajiye bokiti da sabulu.

Ga yadda ake yi. Mai kare ya wanke hannu, ya ɗaure bakin karensa da tsumma ya zagayo da shi bayan kunne, ya tsuguna ya rungume wuyan, ya kau da fuskarsa gefe. Likita ya zo ta baya, ya tattaro fatar wuya da yatsu uku, ya soka, ya ja da baya. Kowane kare da sabuwar allura. Katin ma ba a miƙa shi hannu da hannu, a kan dutse yake ajiyewa ka ɗauka. Duna aka fara yi wa, ko ƙara bai yi ba. Karen Bafulatanin ne ya ba da wahala, bai taɓa sanin igiya ba, sai da maigidansa ya yi ta yi masa magana da Fulatanci a kunne.

Mai gadin ya damu da yawun da ya taɓa masa riga, ga shi da azumi. Liman na wucewa daga masallaci, ya tsaya daga nesa ya ce masa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma kiwonsa don farauta ko tsaron dabbobi da gona halal ne. Ya ƙara da cewa wanda ya ajiye dabba, haƙƙin lafiyarta na wuyansa. Na so a ce an yi wannan bayanin a lasifika, don ƙyamar da ake nuna wa kare ita ke sa mutane su ajiye shi a gida amma su ji kunyar a gan su sun kai shi wurin likita.

Tsarin kwata-kwatan bai kai ƙarshe ba. Wajen bakwai da rabi mutum uku suka iso tare, sai ga mafaraucin nan da karnukansa duka uku. Kwalba ta ƙare, biyu suka koma haka nan.

Asabar, 16 ga Mayu

An yi wa yaron allura ta uku. Ciwon ya kama bushewa, har ya fito yana buga langa. An yi ruwa da dare, manoma sun fara fita da sassafe, karnukan gona na biye da su.

Litinin, 18 ga Mayu

Sakataren gwamnatin tarayya Boss Mustapha ya sanar da ƙarin mako biyu a kan matakan da ake ciki, wato iyakokin jihohi za su ci gaba da zama a rufe har bayan Sallah. Duna ya gaji da sarƙa, yana ta haƙa rami a gindin turke, amma yana cin tuwonsa yana shan ruwa, kunnen ma ya haɗe.

Mutanen wata unguwa sun aiko a sa su cikin zagaye na biyu, sunaye sun kai goma sha huɗu. Likita ya ce kwalba biyu zai saro in sun cika ashirin, kuma wannan karon kowa ya ba da kuɗinsa tukuna, don direban ya ƙara kuɗin ɗauko kula. Mafaraucin ne ya fara biya, na karnuka biyu. Baba Saje ya karɓi aikin tara sauran.