Ranar Da Ƙanwata Ta Fitar Da Ni Kunya

'Yan uwana mata, bara wata makarantar 'yan mata a Bebeji ta gayyace ni in yi magana kan rubutun littafi. Kwana uku ina shirya shafukan PowerPoint, sai ɗoki nake. Daren tafiya ƙanwata ta ce, "Yaya, in babu wuta fa?" Gabana ya faɗi. Nan take ta riƙa kwafo kowane shafi daga jerin gefen hagu tana liƙawa a Word, sai ya zauna kamar hoto, ni kuma ina rubuta bayani a ƙasansa. Da sassafe muka buga a shagon kwamfuta. Wallahi ina miƙewa gaban ɗalibai aka ɗauke wuta! Na raba takardu muka ci gaba. Tawa ma Malama ta karɓe, har yau ba ta dawo da ita ba.