Tafiya Yankari da Kyamara

Dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar a 2006. Matafiyi daga Bauchi yakan bi titin Gombe, ya ratse a Dindima, ya isa ƙofar dajin a Mainamaji. Daga nan akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya zuwa sansanin Wikki, cikin itatuwan marke da kawo da taura.

Sabon mai ɗaukar hoto yakan fara aiki tun a sansanin, don gwaggon biri da mugun dawa na yawo tsakanin ɗakuna ba tsoro. A kansu ake koyon saita kyamara a kan idon dabba. Sai dai a kula da jaka, birin nan ɓarawo ne na gani-kashe-ni.

Da rani ake samun abin da ake nema, musamman daga Janairu zuwa Afrilu. Ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi sun gangaro kogin Gaji. Akan fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, a mota, tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan dajin, kuma ba a sauka sai da izininsa. Shi ke karanta ƙasa. Ɗanyen kashin giwa da reshen da aka karya, ɓawonsa bai ko bushe ba, sun isa su nuna masa garke bai yi nisa ba. Ɓauna, gwanki, gwambaza da mazo sukan fito, tsuntsaye kuwa sun haura iri 350. Zaki dai sai mai rabo, don kaɗan suka rage.

Daji mai itatuwa ya fi fili wahalar hoto. Inuwa da haske na cakuɗuwa a jikin dabba, reshe yakan gitta, kyamara ta kama shi ta bar giwar dishi-dishi. Ana buƙatar gilashi mai jawo nesa, na milimita 300 zuwa sama, a kashe injin mota, a ɗora kyamarar kan ƙullin wake ko shinkafa a bakin taga don kada hannu ya yi rawa. Tsuntsu a sama yana son saurin ɗauka na kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, ko fiye. Hazon hunturu na dusashe launi, ƙura na shiga kyamara, ƙudan tsando kuma ya fi bin tufafi baƙaƙe da shuɗɗa. Bayan an dawo, wanka a ruwan ɗumin Wikki, mai zafin digiri 31 rani da damina, shi ke sauke gajiya.

Sana'ar kanta ba ta saurin ciyar da mai ita. Masu saye su ne mujallu, otal-otal, hukumomin yawon buɗe ido da ƙungiyoyin kare namun daji, kuma sun fi son jerin hotuna masu ba da labari, da sunan dabba da wuri da rana a rubuce daidai. Mai farawa gara ya riƙe hoton biki da suna don cefane, ya ware ranakun rani domin daji.