Yadda Muka Gyara Wufar Ofis Ba Tare Da Mun Taɓa Asusu Ba



Duk wanda ya leƙo ofishin ƙungiya a watannin baya ya san halin da wufar nan ta saka mu. Wani ɗan uwa ne ya bar mana ita lokacin da zai koma gida, irin ƙaramar wufar falo ce mai araha. Da ita muke kallon ƙwallo, da ita muke sauraron saƙonnin murya ranar taro. Amma da an ɗan ƙara mata murya sai ta hau kakari kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Taga na rawa, maganar mai sharhi kuwa ba a fahimta.

Abin bai tsaya a kunnenmu ba. Mama mai gidan, wadda ɗakinta ke ƙasan ofishin, ta hawo sau biyu tana ƙorafi. A karo na uku ta ce in hayarmu ta ƙare mu nemi wani wuri. Wanda ya san wahalar samun haya a Agege ya san wannan ba maganar wasa ba ce.

A taron wata aka kawo shawarar a je Alaba a sayo babba, mai dubban wat a jikin kwali. Ma'aji ya buɗe littafi, sai ga shi babu kuɗin da za a taɓa sai na asusun taimako, wanda muke ajiyewa domin marar lafiya ko wanda tafiya gida ta kama babu shiri. Gardama ta yi zafi. Can sai wani matashinmu da ke koyon gyaran rediyo ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Sakatare, a ba ni Asabar biyu. In ban gyara ta ba, a sayo." Ya ƙara da cewa lambar da ake bugawa a kwali da sunan PMPO ta talla ce, wadda ake dubawa ita ce RMS, kuma babbar wufa ba abin da za ta ƙara mana sai rigima da Mama. Wasu sun yi dariya, amma aka ba shi dama.

Ranar Asabar, kafin ya kwance ko kusa ɗaya, ya kunna waƙa mai nauyin bes, ya riƙa bin gaɓoɓin akwatin da ɗan siririn tishu. Inda iska ke fita sai tishun ya yi rawa. Muka samu wuri biyu: gefen sifikar da kuma bayan farantin amfilifaya. Ya ce aikin akwati shi ne raba iskar gaban sifika da ta bayanta, in suka haɗu ta kafar da ba a tsara ba sai bes ya raunana, ga kuma huci.

Sannan ya cire ta daga wuta, ya sa muka jira. Wannan gargaɗi muna so kowa ya riƙe shi: kafasito na iya riƙe caji ko bayan an zare filogi. Mu katako muka taɓa, allon wuta kuwa shi kaɗai ya kama, ta gefe. Da ya buɗe, sai ga ramukan sukuru biyu sun cinye, ba sa kama komai. Ya cusa musu tsinken ashana da gam ɗin kafinta. Ya yanko siririn soso ya zagaye bakin sifikar da shi, ya bi gaɓoɓin ciki da silikon, aka bar akwatin a buɗe har washegari domin ya bushe.

Aiki na biyu shi ne ƙarfafa jikin akwatin. Ya ce mu ƙwanƙwasa gefe da yatsa. Sautin ya fito kamar na ganga. Katakon garin-zarto ne marar kauri, saboda haka duk bugun da sifika ta yi, shi ma sai ya yi nasa kiɗan. Kafinta daga cikinmu ya yanko sirara biyu na katako mai ƙarfi, aka kafa su da gam, ɗaya daga hagu zuwa dama, ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ba a sa masu kauri ba domin kada su cinye filin ciki. Wayoyin da ke lilo suna dukan katako kuma aka naɗe su da soso. Da muka sake ƙwanƙwasawa sai muka ji tum, kamar an doki bango.

A nan ne muka tafka kuskure, kuma mu manya ne muka yi shi. Yaron ya fita sayo batiri, mu kuma da muka ji an ce audugar filo na gyara sauti, sai muka farke tsohon filo muka danƙara ta ciki har wuya. Aka ɗaure, aka kunna, bes ya ɓace gaba ɗaya. Da ya dawo ya leƙa bututun da ke gaban akwatin ya ce, "Baba, kun toshe mata hanci." Ashe akwatin wufa da aka fi samu iri biyu ne. Akwai rufaffe ruf, wanda za a iya sa masa auduga sako-sako. Akwai mai bututu irin namu, wanda tsawon bututun da faɗinsa an auna su ne da girman akwatin. Irin wannan jikin bangon ciki kawai ake liƙa wa auduga, a bar hanyar iska, a kuma nisanta ta daga amfilifaya saboda zafi. Muka kwashe fiye da rabi. Batirin kuwa ɗan ƙaramin nan ne mai bolt 1.5, da shi ya taɓa wayoyin sifikar ya ga ta turo gaba, ya tabbatar ba a juya su ba.

Asabar ta biyu ba mu kashe ko sisi ba, kuma ita ta fi ba mu mamaki. Da ma wufar a kan kabad take, a lungu. Lungu na ƙara bes amma yana sa shi kumbura, kabad ɗin kuma na taya ta rawa. Yaron ya ɗora ta a kujerar da muka fi zama, ya ce mu bi gefen bango da rarrafe muna saurare, inda bes ya fito sumul nan ne mazauninta. Waɗanda suka shigo suka tarar da Sakatare da Ma'aji a durƙushe har yau suna yi mana tsiya. Muka samu wuri ɗan nesa da lungun, aka shimfiɗa roba mai kauri, aka ajiye ta a kai.

Daga nan sai maɓallan baya. Na raba sauti yana can ƙurewa, wajen 150. Ya mayar da shi kusa da 80. Ya ce muryar namiji tana farawa ne daga wajen hez 85, don haka wufar tana ta cusa kanta cikin maganar mutane, shi ya sa ba ma jin mai sharhi. Wanda tasa ba ta da wannan maɓalli, ya rage na bes kawai, zai ji bambanci.

Gaskiya ɗaya ce: ba ta koma babbar wufa ba. Ƙaramar sifika ba za ta girgiza ƙirji kamar ta gidan biki ba, kuma roba ba ta hana sauti mai nauyi ratsa bango gaba ɗaya. Saboda haka muka sauka muka gaida Mama, muka roƙe ta ta zauna a ɗakinta mu kunna. Ta ce yanzu da sauƙi. Muka yi mata alkawarin kashe wufar da ƙarfe goma na dare, a bar ƙananan sifikun. Maganar tashi ba ta sake tasowa ba zuwa yau, muna fatan ta kwanta ke nan.

Abin da muka kashe na gam da silikon da soso, aljihun mutum uku ne ya ɗauka. Asusun taimako yana nan yadda yake. Mun kuma ji kunyar dariyar da aka yi wa yaron nan, domin da yawa cikin matasanmu na da sana'a a hannu, mu ne ba ma tambayarsu.

Mai irin wannan matsala a gida zai iya kawo tasa ofis ranar Asabar bayan la'asar. In sabuwa ce mai garanti kada a buɗe ta, a fara da canza mata wuri. A kuma zo da ɗan abin sallamar mai gyara, aikinsa ne.

Allah ya ƙara haɗa kanmu.

Sakataren ƙungiya