Ƙibar Kawuna

Ranar da Kawuna ya zo gida yin Sallah, bayan ya shekara 5 yana kasuwanci a Kano, ni na fara taryarsa. Da na ga wuyansa ya cika, teɓa ta turo riga, sai na ce, "Kawu, lallai birni ya karɓe ka!" Ya yi murmushi, 'yan'uwa suka yi ta yi masa barka. Haka muka taso muka tarar: a wurin Bahaushe ƙiba shaidar wadata ce, rama kuwa alamar talauci ko ciwo.

Ba a rufa shekara 3 ba likita ya shaida masa yana da ciwon sukari da hawan jini. Tun ran nan nake juya wannan yabo nawa a zuci.

Shi dai Kawu da can manomi ne. Da sassafe yake saɓa fartanya ya taka zuwa gona, duk tuwon da ya ci da furar da ya sha a gumi suke fita. Da ya koma birni sai ya zamana daga mota sai kujerar kanti. Cin kuwa ƙaruwa ya yi: shayi mai kauri da safe, shinkafa da mai da rana, lemon kwalba tsakani, tsire da dare. To, abin da jiki bai ƙone ba ajiye shi yake yi, ya zama kitse.

Amma kada mai karatu ya zaci kwaɗayi ne kaɗai sanadi. Akwai gado, domin kakarmu ma mai jiki ce. Akwai ƙarancin barci, wanda ke buɗe wa mutum ciki. Akwai kuma magunguna, irin wanda wasu 'yan mata ke sha da gangan, ake ce masa sha-ka-fashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2022, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Ma'auninta shi ne a raba kilon mutum da tsawonsa na mita, a sake rabawa. In ya kai 30, an shiga haɗari.

Kwanan baya na yi wa kaina wannan lissafi, na samu 27. Jinin Kawu ne a jikina, zaman da yake yi a kanti kuma shi nake yi a aji da laburare. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka yanzu a ƙafa nake zuwa lacca, kuma na daina yi wa kowa barka da teɓa. Allah ya ba Kawu lafiya, mu kuma ya kiyashe mu, amin.